Ƙwan Durgu a Ɗakin Surukata

Ƙwai goma sha biyu aka aiko mana daga ƙauye a cikin ƙwarya, an binne su a dusa, an ɗaure bakin ƙwaryar da tsohon ɗankwali. Wani ɗan acaɓa mai zirga-zirga tsakanin Gwiwa da Kazaure ne ya kawo su da hantsi. Ya ce matar ƙanen maigidana ce ta ba shi, ta ce a kai wa Inna. Na tambaye shi ko akwai wani saƙo, ya ce iyakarsa ke nan, sai dai an ja masa kunne kada ya yi gudu a kan gargada.

Inna ita ce surukata, mahaifiyar maigidana. A lokacin tana gidanmu saboda aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata idanun duka biyu, an yi wa ɗaya aiki an rufe shi da bandeji, ɗayan kuma dishi-dishi take gani da shi kafin layinsa ya zo. Da na ga ƙwai sai na ce ai dubiya ce. To, me ake yi da ƙwai in an kawo wa mara lafiya? Na ɗauki uku na dafa, na sa a faranti da ɓawonsu, na zuba ɗan yaji a gefe, na nufi ɗakinta.

Ni 'yar cikin gari ce. Mahaifina ma'aikacin ofis ne, a gidajen ma'aikata muka tashi, inda ƙwai a kiret yake zuwa, kaza kuma ranar da za a yanka ta ake fara ganin ta. Ban taɓa kiwon ko da tantabara ba. Makarantar 'yan mata nake koyarwa, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya shiru. Sai Allah ya haɗa ni da surukar da za ta wuni ba ta yi magana goma ba. Fulanin da suka zauna ne, suna noma suna ɗan kiwo a wani ƙauye bayan Gwiwa. Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, kunyar nan kuma ta shafe ni. Shekara goma sha da aure, hirarmu ba ta wuce gaisuwa daga bakin ƙofa ba. Malama take ce mini. An sha gaya mini fulako ne, wato kunyar Fulani, na kuma yarda da baki, amma a zuciyata na daɗe ina jin kawai ban kwanta mata ba ne.

Na durƙusa na tura farantin kusa da hannunta. Ta laluba ta ɗauki ɗaya da zafinsa, ta juya shi a tafin hannu, ta bi shi da yatsa daga tsini zuwa gindi.

"Malama, wannan daga ina?"

"Daga gida aka aiko miki, Inna."

"Duka aka dafa?"

"A'a, uku na dafa, sauran suna nan."

Ta mayar da shi faranti a hankali. Ta ce, "Ba wa yara." Sai ta juya ta fuskanci bango.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na fito ina mita ni kaɗai a madafa, wai har dafaffen ƙwai ma akwai wanda ban iya ba. Da maigidana ya dawo daga Roni bayan la'asar, a can yake aiki, tun bai gama cire takalmi ba na zazzage masa. Na zaci zai ce in yi haƙuri kamar kullum. Sai na ga ya zauna a kan dokin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu, ya ce in nuna masa ƙwaryar. Ya tona dusar ya duba.

A ranar na san abin da kowane yaro a ƙauyensu ya sani. A can ba a cin ƙwan kaza. Na zabuwa ake ci, shi ake kai kasuwa da damina. Na kaza kuwa barin sa ake yi a gurbi ta kwanta a kai, domin shi ne kajin baɗi. In ka ga an kwashe wa kaza ƙwai an zuba a dusa, to kazar ce babu. Ya kira ƙanensa a waya a gabana. Ciwon nan na kaji da ake kira fakat ne ya shiga ƙauyen, cikin 'yan kwanaki ya share akurkin Inna. Ta ƙarshen an tsince ta da safe a bakin gurbinta. Faccalata, matar ƙanen nasa, ta rasa bakin da za ta faɗa, shi ne ta aiko da ƙwan, tana ganin duk wanda ya buɗe ƙwaryar ya ji saƙon. Ba ta tuna cewa hannuna za ta faɗo ba.

Na san kajin Inna, na sha ganin su in mun je sallah. Durgu ne, masu gajerun ƙafafu, suna tafiya cikinsu na kusan shafar ƙasa. Har dariya na taɓa yi musu. Abin da ban sani ba shi ne asalinsu. Maigidana ya ce a danginsu Inna, ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, uwa takan kama budurwar kaza daga cikin durgunta, ta yagi bakin zanen da ke jikinta ta ɗaura wa kazar a ƙafa, ta danƙa wa 'yar. Haka uwar Inna ta yi mata a wani gari can bakin iyakar Nijar, haka ita ma aka yi mata. Inna kuwa maza ta haifa. Mace ɗaya da ta samu, ƙyanda ta ɗauke ta tun tana goye. Ba ta da wadda za ta ba, amma ta ci gaba da riƙon kajin. An yi shekarun da shanu suka ƙare, an sayar da awaki an sayi hatsi, durgun nan ba su taɓa yankewa a gidan ba sai wannan karon.

Ya ce, "Likita ya ce jininta ya hau, ga aikin ɗaya idon yana tafe. Kada a gaya mata."

Na ce, "Ai ina jin ta riga ta gane."

Ya ce, "In dai ba ta tambaya ba, mu ma ba za mu faɗa ba."

Haka gidansu yake. Ni a gidanmu da tuni an yi kuka an share hawaye an ɗora tukunya.

Ƙwai tara suka rage, kuma bazara ce, zafin da ke lalata ƙwai tun kafin a yi shawara. Washegari na bi maƙwabta gida-gida ina neman kaza mai kwanci. Yawancinsu kajin gidan gona suke da su, waɗanda ba su san kwanci ba. Wata dattijuwa a bayan layinmu ta ara mini tata, baƙa, mai faɗa. Na gyara mata gurbi a lungun madafa, na jera ƙwan, na ɗora ta. Ta kalle ni, ta kalli ƙwan, ta yi tsalle ta haye katanga tana kyarkyara, unguwa duka ta ji. Garin tashi ta taka ɗaya ya fashe. Na bi ta da ashar ɗin da ban san na iya ba, sannan na dawo na zauna ina kallon takwas.

Wani abokin aikina ɗan Babura, mai koyar da aikin gona, shi ya fitar da ni. Yana da ƙaramin injin ƙyanƙyasa da ya saya da ɗoki ya jefa a ƙarƙashin gado. Farar roba ce mai murfi, girmanta bai fi babbar kular abinci ba, da 'yar fanka a ciki, da lamba a sama mai nuna zafi. Yana aiki da batirin sola, wanda dama muna da shi. Ya ce abu uku zan kiyaye, in riƙa juya ƙwan sau da yawa a rana, kada ruwan da ke ƙasan injin ya ƙafe, kada lambar ta wuce inda ya saita. Ya ce sati uku ne. Ya kuma gaya mini gaskiya, ƙwan da ya sha zafi ya sha girgizar babur, kada in sa rai da yawa.

A ɗakina na fara ajiye shi. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, sai injin ya kama kuka, lambar ta yi sama. Ashe shi ɗumamawa kawai ya iya, ba a koya masa sanyayawa ba, wanda ya ƙera shi bai san Kazaure a bazara ba. Na ɗauke shi na zaga gidan kamar mai neman inda za ta shimfiɗe jariri. Falo ya fi ɗakin zafi. Madafa kam ba a magana. Wuri ɗaya ne mai sanyi a gidan, ɗakin da darbejiya ta yi wa inuwa, inda muka girke randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Ɗakin Inna ke nan.

Na tsaya a bakin ƙofa da inji a hannu, na yi sallama, na shirga ƙarya. Na ce makaranta ce ta ba mu aikin gwaji, za a ga ko inji zai iya ƙyanƙyashe ƙwai, kuma ɗakinta ne ya fi sanyi.

Ta ce, "Ƙwai ba kaza?"

Na ce, "Haka suka ce, Inna."

Ta ce, "To, shigo da shi. Allah ya ba da sa'a."

Ba ta tambayi ƙwan wace kaza ba ne. Na ɗora injin a kan kujera 'yar tsugunno kusa da randa, daidai inda hannunta zai kai daga kan gado, domin likita ya hana ta sunkuyawa.

Na shafa wa kowane ƙwai gawayi a gefe ɗaya don in san wanda na juya. Don kada in manta, sai na haɗa juyin da salla, in na idar in shiga in juya. Kwanakin farko shiru muke yi, ina juyawa tana jan carbi. An cire mata bandeji, an ba ta baƙin tabarau, an saki labule saboda haske na damun idon. Ɗakin ya zama mai duhu da sanyi, ba ka jin komai sai 'yar fankar nan.

Ita ta fara magana. Na dawo daga makaranta wata rana ta ce, "Malama, kazar taki ta yi kuka da rana." Na tsorata, na ce me aka yi? Ta ce ta ɗaga murfin kaɗan, ta jiƙa ɗankwalinta a randa ta yafa masa, sai ya yi shiru. Ta ce ai kaza ma takan tashi ta bar ƙwai ya sha iska, ta je gindin randa ta kwanta a danshi ta dawo da sanyin a cikinta. Daga ranar aikin ya rabu, na safe da na yamma nawa, na tsakar rana nata. Ta sa wa injin suna kaza mai jelar waya. In na shigo sai ta ba ni labarin yadda ya wuni, ni kuma in ba ta na makaranta, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Rannan ina kwaikwayon yadda wata ɗaliba ke barci a aji ido buɗe, sai na ji ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Da aka yi kamar sati, abokin aikina ya ce in haska ƙwan in ga masu rai. Da rana ne, amma duhun ɗakin ya isa. Na kunna fitilar waya, na kifa ƙwai a kanta. Na farko fayau yake, ba komai sai gwaiduwa tana yawo. Na biyu kuwa sai ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwar gero, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Ina kallo ya motsa.

Na ce, "Inna, yana motsi."

Ta ce, "Kawo in gani."

Ta zare tabarau, abin da aka hana ta. Na matso har kafaɗata na taɓa gefen gadonta, na riƙe mata. Ta sa sabon idon nan ta ƙura. Ta daɗe.

Ta ce, "Ikon Allah. Tun ina yarinya nake tare da kaji, ban taɓa sanin haka suke farawa ba."

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kanmu a haɗe. Biyar na da rai, uku babu. Na so in bar ukun ko Allah zai sa su farfaɗo, ta shinshina ɗaya ta ce in fitar da su tun ba su fashe sun ɓata sauran ba. Na kai su bayan gida na binne, don zuciyata ba ta ba ni in jefa su a shara ba.

A tsakiyar haka aka yi mata aikin ɗaya idon. Daga asibiti, abin da ta fara tambaya a mota shi ne wa aka bar wa injin. Na ce babbar 'yata, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na firamare. Ta ce a yi sauri, rana ta yi.

Maigidana ya ga yadda abin ya shiga raina, sai ya zo da tasa dabarar. Ya ce in kwantar da hankalina, in ba su ƙyanƙyashe ba zai sa a nemo durgu a kasuwar Gwiwa ko ta Babura, a zuba a akurki kafin Inna ta koma. Na hau shi da faɗa. Na ce matar da ta gane ƙwan kazarta da yatsa tana makauniya, ita za ka ruɗa da kajin kasuwa yanzu da aka gyara mata ido? Na ce ku dai gidanku komai sai a rufe a zauna a kai. Sai kuma na ji tausayinsa. Shi ma ba yadda zai yi ne. Uwarsa ce, yana son ya rarrashe ta, kuma tun da aka haife shi ba a buɗe masa hanyar yin hakan ba.

Da kwanakin suka kusa cika aka ce in daina juyawa, in ƙara ruwa, kada in riƙa buɗe murfi. Wannan zaman jiran ya fi mini komai wuya. Ba ni da aikin yi a ɗakin, amma ƙafata ta saba, in na idar da salla sai in tsinci kaina a can. Inna ba ta taɓa cewa me ya kawo ni ba, matsawa kawai take yi ta ba ni gefen tabarma.

Ranar wata Asabar da safe ina shara, ta aiko 'yata ta kira ni. Na shiga ta ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Can sai na ji wani siririn kuka daga cikin injin, alhali ƙwan duk a rufe suke. Zuwa hantsi ɗaya ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Muka zauna. Ya huta, ya sake bugawa, ya sake hutawa. Ni da gajen haƙuri, da azahar ta wuce bai fito ba, na ga kamar ƙarfinsa ya ƙare, sai na zaro fil daga ɗankwalina zan taimaka masa in ɓare ɓawon. Ban kai ga murfin ba na ji an riƙe mini wuyan hannu. Hannunta busasshe ne, da ƙarfi fiye da yadda na zata.

Ta ce, "Bar shi. In kika buɗe masa jini zai zuba. Shi ya san lokacinsa."

Ba ta sake ni ba sai da na mayar da fil ɗin. Kafin la'asar ya turo ɓawon ya faɗo, jiƙe sharkaf, mummuna, ya kwanta kamar ya mutu. Na ce shi ke nan. Ta ce gajiya ce. Da ya bushe kuwa sai ga shi ya miƙe yana tangaɗi.

Zuwa washegari uku sun fito. Biyun da suka rage muka ƙara musu kwana, shiru. Da na fasa su a bayan gida, 'yan tsaki ne cikakku, da gashinsu da komai, sun mutu a ciki. Wannan ya karya mini zuciya. Na dawo ɗakin na zauna ina kuka, ina cewa laifina ne, ko ruwa ne ya yi kaɗan, ko zafin ranar farko ne ya taɓa su.

Inna ta ce, "Share hawayenki. Durgu haka suke, ko a ƙarƙashin uwarsu sai an bar baragurbi. Tun a hannun uwata ba su taɓa fitowa duka ba."

Na ɗago na kalle ta. Ban taɓa ce mata ƙwan durgu ba ne, aikin makaranta na ce. Ita ma ta ji abin da ya fita daga bakinta. 'Yan tsakin na ta kuka a kwalin da muka sa su.

Na ce, "Inna, ashe kin sani."

Ta ce, "Tun ranar da kika kawo mini ƙwan da ɗumi." Ta gyara mayafinta. "Kajin duka suka tafi ko?"

Na ce, "Duka."

Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya mayar da alheri. Ba ta yi kuka ba, sai yatsunta da na ga sun tsaya a kan carbi. Can ta ce, "Rannan da ban ci ba, kada ki ce girkinki na raina. Ba zai wuce mini a wuya ba ne."

Na ce wallahi haka na zata, har na yi ta mita a madafa. Ta ce ai ta ji ni, idonta ne ya lalace ba kunnenta ba.

Cikin ukun ɗaya bai yi kwana biyu ba ya mutu, dama tun fitowarsa ba ya tsayuwa. Biyu suka rage a kwali, muna ba su ɓarzajjen gero da ruwa a murfin kwalba. Ɗaya dogayen ƙafafu gare shi, Inna ta ce wannan ubansa ya biyo, zakaran maƙwabta. Ɗayan kuwa guntu ne, in yana gudu kamar ana gangara shi. Shi ne durgun, shi kaɗai. Saura a san mace ce ko namiji. In namiji ne, an dai samu kaza, amma abin da uwar Inna ta ba ta ya tsaya nan, domin mace ake bayarwa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka a ƙauye. Idanun Inna sun warke, har tana tsintar tsakuwa a shinkafa ta fi ni gani. A da, ko kwana uku ta yi a gidanmu sai ta fara cewa a mayar da ita. Wannan karon ƙanen maigidana ya yi waya ya fi a ƙirga, tana cewa sai an kwana biyu. Kullum da hantsi takan fito gindin darbejiya ta zauna da sanda tana gadin shirwa, 'yan tsakin na kiwo a gabanta. Mai dogayen ƙafafun ya fara fitar da zanko ja, ya fara neman faɗa da inuwarsa. Guntun dai shiru. Ni kullum sai na ɗaga shi na duba, ban ma san abin da nake dubawa ba. Wata safiya Inna ta kama shi, ta shafa kansa, ta buɗe fiffiken, ta duba gashin wuya da na jela, ta sake shi.

Ta ce, "Sagara ce."

Na ce, "Mene ne sagara kuma?"

Ta ce, "Budurwa. Mace ce, Malama."

Na yi guɗa a tsakar gida har dattijuwar da ta ara mini baƙar kaza ta aiko a ji ko haihuwa aka yi. A ranar da yamma Inna ta ce wa 'yata ta gaya wa babanta tana son tafiya gida.

Ranar tafiyar na tashi da wuri na shirya komai. Na sayi sabon kwando mai murfi, na shimfiɗa dusa a ciki, na ƙulla gero a leda na guzurin hanya. An gama sa kaya a mota, maigidana na tsaye a zaure, na kamo sagarar na sa a kwando na kawo gaban Inna na durƙusa. Murna nake yi, amma ƙasan raina ba daɗi. Na saba da 'yar kazar, na kuma saba da ɗakin nan, ina tsoron in Inna ta koma, in muka je sallah mu koma gaisuwar bakin ƙofa.

Ta buɗe kwandon ta ciro kazar ta ɗora a cinya. Ta ce, "Ba da ita zan tafi ba."

Maigidana ya ce daga zaure, "Haka ne, gara a bar ta nan tukuna, ciwon bai daɗe da wucewa ba."

Ba ta waiwaya ba ta ce, "Ba da kai nake ba."

Sai ta kama bakin zanen da ke jikinta, wani shuɗi mai ratsin fari da ta fi so, ta sa haƙori ta tsaga, ta ja siririn ƙyalle. Ta ɗaura shi a guntuwar ƙafar nan, ta ƙulla sau biyu.  Ni dai ina durƙushe, na gane abin da nake gani, amma na kasa yarda da ni ake.

Ta ce, "Haka uwata ta yi mini. Na ajiye wa wata, Allah bai bar mini ita ba." Ta miƙo kazar. "In taki 'yar ta isa aure, ki yagi naki zanen."

Na kasa ɗaga hannu. 

Ta ce, "Karɓi mana, 'yar nan, hannuna ya gaji."

Na karɓa da hannu biyu. Ta dafa kaina ta miƙe, ta bi ta gaban ɗanta ba ta kalle shi ba, ta shiga mota da yagaggen bakin zane yana jan ƙasa. Har motar ta fita daga layinmu ina durƙushe a wurin, kazar na ta fisge-fisge a ƙirjina tana son a sake ta ta je kiwo.